Yadda ake bibiyar homon ɗin ƙoda idan ta fara rauni

Ba tace jini kaɗai ƙoda ke yi ba. Tana fitar da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ga ɓargo da hanji da jijiyoyin jini, kuma saƙonnin kan fara tsinkewa tun majinyaci bai ga wani canji a fitsarinsa ba. Da zarar gwajin eGFR, mai nuna ƙarfin ƙoda wajen tace jini, ya sauka ƙasa da 60, a fara sa ido.

A soma da yawan jini. Idan iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙoda ce ke sakin eritropoyetin, homon ɗin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙodar da ta raunana ba ta sakin isasshe, sai kasala da haki su biyo baya. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ƙasa da giram 13 a desilita ga namiji, ko 12 ga mace, ƙarancin jini ne. Amma kada a garzaya ga allurar eritropoyetin. A fara auna sinadarin ƙarfe, wato gwaje-gwajen feritin da TSAT masu nuna yawansa a jiki, domin ɓargon da ba shi da ƙarfe ba zai ƙera komai ba ko nawa aka tsira masa. Wannan ne babban dalilin da ke sa allurar ta ƙi aiki. Kumburi a jiki da zubar jini a ɓoye na biye.

Likita kan duba batun allurar eritropoyetin ne idan himogulobin ya faɗi ƙasa da 10. Ba a neman mayar da shi irin na mai lafiya: ana tsayawa wajen 11.5, don tura shi zuwa 13 na ƙara haɗarin gudajin jini da shanyewar ɓarin jiki. Idan himogulobin ya haura fiye da giram 1 cikin mako 2, ana rage kashi ɗaya cikin huɗu na adadin allurar. A ajiye kwalbar a firji tsakanin digiri 2 da 8, kada ta daskare, kada a girgiza ta. A riƙa auna hawan jini, don allurar kan ɗaga shi.

Sai ƙashi. Ƙoda ce ke kammala juya bitamin D zuwa kalsitiriyol, wanda ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Idan kalsitiriyol ya ragu, sinadarin fosfet kuma ya taru a jini, homon PTH na ƙwayoyin da ke bayan maƙoshi zai tashi ya riƙa kwaso kalsiyam daga ƙashi. A auna ukun tare, kalsiyam da fosfet da PTH. Ɗaya shi kaɗai yana ruɗarwa.

Renin kuwa, wanda ƙoda ke fitarwa, shi ke tayar da anjiyotensin da aldostiron, masu matse jijiya da riƙe gishiri. Magunguna irin su lisinopril da losartan wannan hanyar suke tarewa, kuma suna kare ƙoda ƙwarai. Sharaɗinsu shi ne a sake auna kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, da fotasiyam cikin mako 2 zuwa 4 da fara sha ko ƙara adadi. Hawan kiriyatinin da bai kai kashi 30 cikin 100 ba ana jure shi. Fotasiyam sama da 5.5 kuwa sai likita ya gani. Kada a haɗa waɗannan magunguna da ibuprofen ko diclofenac, kuma ranar da amai ko gudawa suka kama majinyaci, a tuntuɓi likita kafin ya sha na gaba.