Yadda Ake Ƙirga Masu Wucewa a Tsakiyar Garin Damagaram, Rani da Damina

Kafin ka kama hayar shago a bakin Kasuwar Dole ko kan hanyar Birni, ƙirga ƙafar da ke bi ta wurin. Mai shago zai ce maka "nan akwai jama'a", musamman in ranar Alhamis ya kai ka, ranar da kasuwa ke ci.

Kayan aikin ba yawa: littafi, agogon waya da carbin yatsa guda biyu, irin na dannawa. Ku tsaya mutum biyu, ɗaya ya riƙe masu shiga, ɗaya masu fita. Zaɓi alamar da ba ta gusawa, kamar turken lantarki. Wanda ya gifta shi da ƙafa kaɗai ake danna wa, na kan kabu-kabu a ba su shafi daban.

Ƙirga minti 15, ka ninka sau 4. In ka samu 120, kimanin 480 ke nan a awa. Yi haka ƙarfe 9, ƙarfe 12, bayan la'asar da bayan magariba, ranakun Litinin, Alhamis da Asabar. Juma'a a ware ta, fitowar masallaci kan kumbura lissafi.

Maimaita mako biyu a kowane yanayi: sanyin Janairu, zafin Afrilu, tsakiyar damina a Agusta, da kaka a Nuwamba. Wuri da lokaci kada su canja, in ba haka ba babu abin kwatantawa. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, kowa ya bi ɓangaren inuwa, sai ka ɗauka titi ya mutu alhali mutane na tsallake. Saboda haka a ƙirga gefe biyun. A Agusta mutanen ƙauye na gona, da kaka kuma su shigo da gero da kuɗi a hannu.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne azumi. Kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11, kuma yana kwashe jama'ar rana ya mayar da ita dare. Rubuta kwanan watan Musulunci kusa da na boko, kada ka ɗora wa bazara abin da azumi ya jawo.

'Yan talla da masu tura kura kan yi ta kai-komo a gabanka. Danna musu sau ɗaya a kowane zama. In ruwa ya sauko ko ƙura ta turnuƙe, soke ƙirgar, ka dawo irin ranar mako mai zuwa.