Yadda Ake Maganar In'ina da Yaro a Cikin Gida

Yawancin gidajen da na ga suna fama da wannan lamari, matsalarsu ɗaya ce: kowa ya san yaron yana in'ina, amma an yi gum. Shi kuwa yana lura. Yana ganin yadda uwarsa ke kau da kai duk lokacin da harafi ya maƙale masa, sai ya ɗauka abin kunya yake yi.

Da farko manya su zauna su kaɗai, a daina neman mai laifi. In'ina takan ɓullo ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, sau da yawa gado ce, ba tsawar uba ce ta jawo ta ba. Kusan yara 5 cikin 100 kan yi ta, akasarinsu kuma tana barinsu.

Mataki na biyu shi ne inda ake tuntuɓe. A cire "yi a hankali", "ja numfashi" da "sake faɗa" daga baki kwata-kwata. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, amma abin da ke shiga kunnen yaro shi ne bai iya magana ba. Idan ya tsaya a "ba-ba-ba", ke uwa kar ki ƙarasa masa. Ajiye abin da ke hannunki, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki bar fuskarki a sake har kalmar ta fito, sannan ki amsa abin da ya tambaya. Ke ce za ki rage saurin maganarki, ki ɗan dakata kafin ki ba shi amsa.

Sai a kira abin da sunansa. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ba gaban baƙi ba, ki ce: "Ɗazu kalmar nan ta ba ka wahala ko? In'ina ake ce mata, mutane da yawa suna yi. Ina sauraronka komai daɗewa." Shi ke nan, kar ya zama wa'azi. Idan bai tanka ba ki ƙyale shi, wata rana shi zai tayar da zancen. Ni dai dokata ita ce: minti 5 kullum na hira ko wasa da shi kaɗai, waya a kife. Ba ya cin kuɗi, ya kuma fi duk wani magani da za a tallata muku, don babu ƙwayar da ke cire in'ina.

Yayye da ƙanne, a faɗa musu kai tsaye: ba kwaikwayo, ba katse shi, kowa ya jira layinsa. Malamin aji ma a sanar da shi, amma a fara tambayar yaron me yake so a faɗa.

Idan in'inar ta wuce wata 6, ko akwai masu yi a dangi, ko yaron ya fara runtse ido yana yamutsa fuska, ko yana gudun magana, a je wurin likita ya tura ku ga ƙwararren mai gyaran magana.