Darasi na 7: Yaro Ya Fara Tatata, Baki Ya Fara Buɗewa

Tsakanin wata 9 da shekara 3 yaro yake koyon tafiya da magana. Ba a koya masa su da tsawa, ba a kuma gaggauta su da magani. Yawan gwadawa ne yake ba shi tafiya, yawan amsa masa kuma yake ba shi magana. Aikinku a matsayin iyaye ko masu reno shi ne ku ba shi fili, ku amsa masa, ku kawar da abin da zai cuce shi, sannan ku san alamomin da ba a zama a gida da su.

Yadda tafiya take zuwa

Yaro yakan fara zama shi kaɗai, sai ya kama abu ya miƙe, sai rarrafe, sai bin bango ko gefen kujera yana dafawa, sai tsayuwa ba dafa komai, sannan taku. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan yara masu lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An ga cewa wani yaro yana tafiya shi kaɗai tun yana wata 8, wani kuma sai ya kusa wata 18, kuma dukansu lafiyarsu lau. Rarrafe ma haka: daga wata 5 har zuwa wata 13. Kusan yara 4 a cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Wasu da gindi suke ja, daga nan su miƙe. Saboda haka ɗan maƙwabta ba ma'auni ba ne. Yaron da aka haifa bakwaini kuma, a riƙa cire makonnin da ya rage a ciki kafin a lissafa masa, har ya kai shekara 2.

Sabon mai tafiya yakan ware ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama, ya turo ciki gaba, ya yi taku uku ko huɗu da sauri, sai ya zauna daɓas. Kansa yana da nauyi idan aka gwada da jikinsa, shi ya sa yake yawan rinjayarsa. A 2012 wata mai bincike a Amurka, Karen Adolph, da abokan aikinta sun ƙirga motsin yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa. Sun sami cewa a awa ɗaya yaro yana yin taku sama da 2,300, yana kuma faɗuwa kamar sau 17. Faɗuwar tana cikin karatun. Idan ya faɗi, ku dakata ku duba fuskarsa tukuna. Sau da yawa ku yake kallo. Idan ya ga kun zabura kuna salati, sai ya fashe da kuka. Idan ya ji an ce masa "Tashi, yauwa!" sai ya tashi ya ci gaba.

Abin da ya fi taimaka masa shi ne ƙasa mai tsabta wadda aka share, ba tsantsi, da lokaci mai yawa a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a wuni, a rarrabe, kuma kada a ɗaure shi a kujera ko a keken turawa fiye da awa ɗaya a jere. A cikin ɗaki ku bar shi ba takalmi, domin da yatsunsa yake kama ƙasa yana daidaita jikinsa. Takalmi na waje ne, saboda ƙaya, kwalba da zafin ƙasa. Ku zaɓi marar nauyi, mai lanƙwasuwa, wanda ya bar sarari kamar faɗin babban yatsanku a gaban yatsunsa. Ku riƙa duba shi kowane wata biyu ko uku, don ƙafar yaro tana girma da sauri kuma ba zai ce ya matse shi ba.

Keken koyon tafiya, wanda ake zaunar da yaro a tsakiya yana tura shi da ƙafa, ba ma ba da shawarar saye. Ba ya sa yaro ya yi tafiya da wuri. Yana ɗauke masa nauyin da ya kamata ƙafafunsa su koyi ɗauka, yana kuma kai shi bakin matakala ko wurin wuta kafin babba ya ankara. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Kujera mai nauyi da zai dafa, ko kwali da aka sa wa kaya a ciki yana turawa, sun fi masa amfani.

Idan kuna taka masa, ku riƙe shi a ƙugu ko ku ba shi yatsa a daidai tsayin kafaɗarsa. Kada a fizge shi da hannu ɗaya ko a lilo da shi ta hannuwa. Gwiwar hannun ƙaramin yaro tana saurin gocewa. Alamar ita ce ya saki hannun a gefe, ya ƙi amfani da shi, yana kuka idan an taɓa. Ma'aikacin lafiya yakan mayar da ita cikin ɗan lokaci, amma kada ku ja da kanku.

Ɗan lanƙwasar ƙafa da tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe abu ne da aka saba gani kafin shekara 2, kuma yawanci yana gyaruwa da kansa.

Gyara gida

Ku durƙusa a tsakiyar ɗaki, idonku daidai da nasa, ku duba. Abin da kuka gani shi zai taɓa, abin da ya taɓa kuma baki zai kai.

Ruwa ne kan gaba. Yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Yakan leƙa bokiti, kai ya rinjaye shi, ya kasa fitowa, kuma ba ya ihu. Ku zubar da ruwa da zarar an gama aiki, ku kifa bokitin. Mazubin da dole ne ya zauna da ruwa a rufe shi da murfi mai nauyi. Kada a bar shi a wurin wanka ko da na minti ɗaya ne, kada kuma a bar wa yayansa ɗan shekara 5 tsaronsa.

Sai wuta. A juya mariƙin tukunya ya kalli ciki, a ajiye abin sha mai zafi nesa da bakin tebur, a ɗauke dutsen guga da wayarsa. Idan ya ƙone, ku sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa mai, ƙwai ko man goge baki, don suna riƙe zafi suna kuma jawo ƙwayoyin cuta. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi a kai shi asibiti.

Magunguna, kananzir, maganin ƙwari da sabulun ruwa a ajiye su sama a kulle. Kada a taɓa zuba su a kwalbar abin sha. Idan ya sha kananzir kada a sa shi amai, domin aman ne yake kai shi cikin huhu. A tafi asibiti da kwalbar a hannu. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da rimot, yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2 idan ya haɗiye shi. Ko da yaron yana wasa kamar ba komai, a garzaya.

Gyaɗa ɗunguma, alewa mai tauri, kwabo, maɓalli da dutsen ado suna maƙale wa yara. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Yaro ya ci abinci a zaune, babba na kusa. Idan abu ya maƙale masa yana tari da ƙarfi, ku bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari, ya kasa kuka, ku kifa shi a kan cinyarku kansa ya yi ƙasa, ku buga masa tsakanin kafaɗu sau 5 da gindin tafin hannu. Idan bai fito ba, kuma yaron ya haura shekara 1, ku durƙusa a bayansa, ku dunƙule hannu tsakanin cibiyarsa da ƙarshen ƙashin ƙirji, ku danna ciki da sama sau 5. Ku riƙa maimaita biyun yayin da wani yake neman taimako. Kada a zura yatsa ana lalube, yana ƙara tura abin ciki.

Yadda magana take zuwa

Fahimta tana riga furuci. Daga wata 6 zuwa 9 yaro yakan fara gwaranci: ba-ba-ba, ma-ma-ma. Wajen shekara 1 yana juyowa idan an kira sunansa, yana gane "a'a", yana ɗaga hannu ya yi bai-bai, kalmar farko kuma ta fito. Kalma ita ce duk sautin da yake amfani da shi kullum don abu ɗaya. Idan "wa" yake cewa duk lokacin da yake son ruwa, to ya sami kalma. Zuwa shekara 2 ana sa ran ya haɗa biyu: "Baba tafi", "ba ni". A lokacin baƙo zai gane kamar rabin maganarsa. A shekara 3 zai gane kashi uku cikin huɗu.

Ga yadda ake ciyar da maganar gaba. Yaro ya nuna kofi da yatsa ya ce "wa". Kada a miƙa masa shiru, kada kuma a ce sai ya faɗa daidai. Uwa ta sunkuya ta dube shi ta ce, "Ruwa? Ruwa kake so? Ga ruwa." Ya ji kalmar sau uku, a daidai lokacin da hankalinsa yake kanta. Idan ya kai ga cewa "ruwa", sai a ƙara masa ɗaya: "Ruwa mai sanyi." Kullum kalma ɗaya a kan abin da ya iya.

Bayan kun yi masa magana, ku yi shiru ku ƙirga zuwa biyar a zuci. Nan ne manya suka fi kuskure. Suna tambaya su amsa wa kansu, ko yayyensa su riga shi. Ƙwaƙwalwarsa tana bukatar waɗannan daƙiƙu kafin ta haɗo amsa.

Ku riƙa faɗa masa abin da kuke yi: "Mu wanke hannu. Ɗaga ƙafa. Ga riga." Ku ba shi zaɓi yana ganin abubuwan: "Ja ko fari?" Ku yi masa waƙa, ku tsaya kafin kalmar ƙarshe ya cike. Wanda bai ƙware a karatu ba ma yana iya buɗe littafi mai hoto ya nuna ya ce, "Ga kyanwa. Me take yi?" Idan ya karkata kalma, kada a yi masa dariya ko a ce bai iya ba. A maimaita masa daidai a wuce.

Waya da talabijin ba sa amsa wa yaro, shi ya sa ba sa koya masa magana kamar mutum. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba a gabansu, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni. Harshe biyu a gida ba ya jinkirta magana. Idan za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na harsunan biyu.

Tsakanin shekara 2 da 5 yara da yawa sukan yi ɗan in'ina, kuma mafi yawansu tana wucewa. Ku saurare shi har ya gama, kada ku ƙarasa masa. Idan ta ɗauki watanni, ko yana yamutsa fuska yana gudun magana, a nemi shawarar likita.

Kukan rigima da birgima sukan yi yawa daga wata 18 zuwa shekara 3, saboda abin da yake so ya fi abin da bakinsa zai iya faɗa. Yunwa da rashin barci suna ƙara su. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Idan ya fara, ku kawar da abin da zai buge shi, ku zauna kusa, ku ba shi kalmar: "Ka ji haushi. Kana son wuƙa, amma tana yanka." Duka da jijjiga ba sa koya masa komai sai tsoro, kuma jijjiga tana iya lahanta ƙwaƙwalwarsa.

Lokacin zuwa asibiti

Ku kai shi a duba shi idan ya kai shekara 1 ba ya gwaranci ko ba ya juyowa ga sunansa, idan ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, idan ya kai wata 18 ba ya tafiya ko ba ya nuna abu da yatsa, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Haka nan idan yana ɗingishi, ko ɓangare ɗaya na jikinsa ya fi ɗaya ƙarfi, ko lanƙwasar ƙafa tana ƙaruwa bayan shekara 2. Duk yaron da magana ta yi masa jinkiri, a fara da gwada jinsa. Ruwa yakan taru a bayan dodon kunne bayan mura ko ciwon kunne, yaro ya riƙa jin magana sama-sama ba tare da wani ciwo ba.

Abubuwa uku kuma ba a kwana da su. Yaron da ya daina abin da ya riga ya iya, kamar magana ko tafiya. Yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, domin dole a bincika ko shan inna ne. Da yaron da ya bugu a kai sannan ya suma, ko ya yi ta amai, ko ya yi jijjiga, ko ya kasa farkawa sosai, ko ruwa ko jini ya fito masa ta kunne.

Aikin gida

Ku rubuta a littafinku duk kalmomin da yaron gidanku yake faɗa, yadda yake faɗarsu, da ranar da kuka rubuta. Bayan wata ɗaya ku sake rubutawa a shafi na gaba. Ku kuma rubuta abubuwa biyar da kuka kawar daga inda hannunsa yake kaiwa. Ku zo da littafin aji, ku kuma riƙe shi duk ranar da za ku kai yaron awo.