Yadda Ake Gane Iskar da Ke Tayar da Igiyar Ruwa ta Wasan Hawa a Manyan Tafkuna

Kafin ka ɗauki allonka na wasan hawa igiyar ruwa, wato wasan da mutum ke tsayawa a kan allo igiyar ruwa tana tafiya da shi, ka duba ƙarfin iska, da daɗewarta, da kuma nisan da ta yi tana kaɗawa a kan ruwa babu abin da ya tare ta. A ganina wannan nisan ne ya fi muhimmanci. Tsawon Tafkin Mishigan na Amurka ya kusa kilomita 500 daga arewa zuwa kudu, shi ya sa iskar arewa da ta wuni tana busawa takan turo manyan raƙuman ruwa gaɓar kudu, musamman a Oktoba da Nuwamba. Ka dakata sai ta fara lafawa, domin a lokacin ne igiyar ke daidaita. Ka zaɓi allo mai kauri, saboda ruwan daɗi ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri.