Idan tsukewar jijiyar ƙoda ce ta kawo hawan jini

Ƙanwata tana da shekara 27 tansiyonta ya kai 19, ba ƙiba, ba ciki. Magani kala uku nake sayo mata a farmasi nan Maradi duk wata, jini ya ƙi sauka. Ashe jijiyar da ke kai wa ƙodarta ta dama jini ce ta tsuke. Ƙodar da jini bai ishe ta ba takan yi ta sakin sinadarin renin, shi kuwa ya ɗaga tansiyo.

In kana jinyar mai irin wannan, fara da ɗan littafi. A auna safe da yamma, a rubuta. Kai wa likita, ka faɗa masa shekarun da ciwon ya fara da duk ƙwayar da ake sha. Kada ka ɓoye na gargajiya. Zai sa a auna kiriyatinin a jini, awon da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, musamman in ana shan magungunan hawan jini irin su captopril ko enalapril, don in jijiyoyin biyu duka sun tsuke waɗannan na iya durƙusar da ƙoda. Daga nan sai ekografin jijiyoyi, sai sikana.

Tambayar da nake roƙon ka yi wa likita ita ce: wace irin tsukewa ce? Ta matasa, galibi mata, daga bangon jijiyar take, kuma buɗe ta kan yi amfani ƙwarai. Ta tsofaffi maiƙo ne ya taru. Binciken ASTRAL na 2009 ya nuna yawancinsu buɗewar ba ta fi magani ba. Kada a sayar da gona kafin a ji wannan amsar.

Ƙanwata ba a yanka ta ba. Ta matsematsi aka zura siririn bututu har jijiyar, aka hura ɗan balan-balan ya buɗe ta. Wasu akan bar musu ragar ƙarfe a ciki. In hakan ya gagara, sai tiyata: a ɗauko jijiya daga ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya.

Bayan aikin ta yi awoyi kwance, ƙafa a miƙe, ina duba wurin hujin ko zai kumbura. Likita ne ya rage mata magani, ba mu ba. Diclofenac, maganin ciwon jiki na ƴan tebur da ke iya cutar da ƙoda, na kwashe daga ɗakinta, aka rage gishiri da magi. Kanwa ma kamar gishiri take, kuma a kan kunun kanwa ne muka fi shan fama, sai da na zauna da Inna har sau biyu kafin ta yarda a daina dama mata.