Wa zai biya idan kafet ya lalace a gidan haya a Ingila?

Yawancin gidajen haya a Ingila da kafet ake shimfiɗe ɗakunansu, kuma ranar tashi a kansa ake yawan samun saɓani. Ƙa'idar ita ce: tsufan da zama ya jawo na mai gida ne, ɓarnar da sakaci ya jawo ta ɗan haya ce.

Idan gashin kafet ya kwanta a bakin ƙofa ko kan matakala, ko rana ta koɗar da launinsa, ko ƙafar gado ta bar gurbi, wannan tsufa ne, ba a cire maka ko sisi daga kuɗin ajiyar da ka bai wa mai gida lokacin kama haya. Amma ƙunar dutsen guga, garwashin turaren wuta da ya faɗo daga kasko, tabon manja, lalle ko bilic, duk naka ne. Masu yin guga a ƙasa su kiyaye, domin yawancin kafet ɗin haya zaren roba ne, zafi kaɗan yake narkar da shi, kuma wanki ba ya gyara ƙuna.

Ko da laifin naka ne, ba za ka sayi sabon kafet a madadin tsoho ba. Nan ne baƙi suka fi cutuwa. Mai gida ba shi da ikon fita da riba, sai dai a lissafa sauran kwanan da suka rage wa kafet ɗin. A ce sabo irinsa fam 600 ne, an kiyasta zai yi shekara 10, ya kuma riga ya yi 7 lokacin da kake tashi. Saura shekara 3 ke nan, abin da za ka biya fam 180 ne. Idan kuwa ya riga ya cinye shekarunsa, abin da za a nema a wurinka kaɗan ne ko babu. Tabo ɗaya a lungu ma ba ya sa a canja na ɗaki gaba ɗaya. Kuɗin wanki ko ɗan diyya ya wadatar. Saboda haka ka nemi a nuna maka rasit ɗin sayen kafet ɗin, don shekarunsa ne ginshiƙin lissafin.

Hujja tun ranar shiga ake tara ta. Yawanci za a ba ka takardar da ta lissafa kayan gidan da halin da suke ciki. Kada ka sa hannu sai ka zagaya ɗaki-ɗaki, ka ɗaga kujeru, ka rubuta duk tabon da ka gani, ka ɗauki hoto, ka tura wa mai gida ko ejan ɗinsa ta imel a ranar. Ranar fita ka maimaita, bayan an kwashe kaya an share. Abin da ke kanka shi ne ka mayar da gidan da tsabtar da ka same shi. Tun da aka yi dokar kuɗaɗen 'yan haya ta 2019 ba a yarda a tilasta maka biyan kamfanin wanki ba, kana iya hayar injin wankin kafet ka yi da kanka. Idan abu ya zube, a dinga dannawa da farin tsumma. Gurzawa tura tabon take yi cikin zare.

Kuɗin ajiyarka ba ya wuce hayar mako 5 idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole mai gida ya sa shi cikin kwana 30 ƙarƙashin kariyar ɗaya daga hukumomi uku masu kare kuɗin ajiya: Deposit Protection Service, MyDeposits ko Tenancy Deposit Scheme. Idan kun daidaita kan abin da za a cire, a biya ka sauran cikin kwana 10. Idan ba ku daidaita ba, rubuta masa adadin da ka yarda da shi da dalilinka, sannan ka kai ƙara gaban hukumar da ke kare kuɗin. Kyauta ne, da takardu da hotuna ake yanke hukunci, kuma kuɗin naka ne har sai mai gida ya kawo hujjar ɓarna. Mai gidan da bai yi takardar ranar shiga ba da wuya ya ci. Wanda kuma bai sa kuɗin a hukuma ba tun farko, kotu na iya sa shi ya biya ka ninki 1 zuwa 3 na kuɗin ajiyar.