Yadda Ake Cire Karce A Fentin Mota

Kafin ka sayi komai, fara sanin zurfin karcen, domin shi ne zai faɗa maka aikin da za ka yi. Fentin mota na zamani hawa uku ne: firaima, wato shafin farko da ke manne da ƙarfe, sai launi, sannan fenti marar launi mai sheƙi a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Kaurin kiliyar nan bai kai na silin gashi ba, yawanci maikiron 35 zuwa 50 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Goge karce kuwa ba cike shi ake yi ba, kankare kiliyar da ke kewaye da shi ake yi har ta daidaita da ƙasansa. Abin da ka kankare ya tafi ke nan, don haka a yi a hankali.

Wanke wurin da sabulun mota, ka busar. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin tsumma ta isa ta haifar da sabbin karce. Sai ka ja farcenka a gicciye a kan karcen. Idan bai maƙale ba, ko kuma karcen ya ɓace da ka zuba ruwa, a kiliya ya tsaya. Idan ka ga fari ko toka-toka a ciki, ya kai firaima. Idan ƙarfe ya bayyana, tsatsa na tafe. Wani lokaci ma ba karce ba ne, fentin wata motar ne ya shafu a taka, kuma wannan yana fita cikin sauƙi.

Karcen da ya tsaya a kiliya, kwamfawun, wato man goge fenti mai ɗan kaushi, ya ishe shi. Yi aikin a inuwa, bodi a sanyaye, don a kan ƙarfe mai zafi maganin yana bushewa kafin ya yi aiki. Ɗiga kamar ƙwayar wake uku a soso ko tsumman maikirofaiba, ka goga da matsakaicin ƙarfi na kamar daƙiƙa 30, ka share, ka duba da tocila ta gefe. Maimaita sau biyu ko uku. Bayan nan sai folish mai laushi ya dawo da sheƙi, sannan waks, wato kakin da ke kare fenti.

Idan farce ya ɗan maƙale amma launi bai taɓu ba, sai samfefa. Nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗauki mai lamba 2500 ko 3000, ka jiƙa ta minti 15, ka naɗe ta a ɗan katako ko roba mai shafaffen fuska. Da yatsa kaɗai, rami za ka yi. Goga a miƙe, wurin na jiƙe koyaushe, sau biyar ko shida, ka tsaya ka duba. Wurin zai dusashe, kada ka firgita, kwamfawun da folish za su gyara shi. Nisanci gefuna da kusurwoyi, fenti ya fi siriri a can. Da zarar ka ga launin motar a ruwan ko a tsumma, dakata: ka huda kiliya, sai dai a sake fesawa. Gara a bar ɗan alamar karce da a kai ga haka.

Mai zurfi kuwa cikewa yake so. Nemi lambar launin motarka, galibi tana kan sitika a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, don farin wannan kamfani ba shi ne na wancan ba. Goge wurin da sifirit don cire maiƙo da waks, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Idan ƙarfe ya fito, kankare tsatsar tas, ka fara da firaima. Sa launi da tsinken sakace, shafi siriri, minti 20 zuwa 30 tsakanin kowane shafi. Mai kauri yakan bushe a sama ya bar ciki ɗanye, daga baya ya lotsa. Rufe da kiliya ta ɗan ɗara saman fenti, ka bar ta kwana biyu, sannan ka daidaita da samfefa 3000 da folish. Kada ka sa waks sai bayan wata guda.

Karcen da ya yi faɗi, ko wanda ya zo da lotsewa, ko a fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe, kai wa mai fenti, domin gyaran hannu a nan zai fito fili.